Ƙanƙarar da Na Jefa wa Jatan Landenka

Sabon Birni,
ranar Laraba, tsakiyar bazara.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa ga ɗanta, ina roƙon Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa ka fita gidan nan da ƙafar dama, Ya kai ka inda za ka lafiya.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka. To ka san halina. In na buɗe baki da niyyar nasiha, kafin in kai ƙarshe ta koma faɗa, kai kuma ka sunkuyar da kai kana "to Inna, to Inna" ba tare da komai ya shiga ba. Ga kunyar ɗan fari, ga sunan mahaifina da aka sa maka wanda ba na iya kamawa. Shi ya sa na ɗauko biro. Tun da na bar koyarwa a firamaren Unguwar Lalle ban yi rubutu mai tsawon wannan ba. Ka karanta shi yau, kafin ka fara ɗaure kaya.

Jibi in Allah Ya kai mu za ka kama hanyar Kaduna da jatan landenka a cikin kula, robar nan mai riƙe sanyi. Mai shagon kifin adon nan ya ce in ka kai su da rai, suka zauna a wajensa, aikin kula da akwatunan gilashinsa ya zama naka. In ba su kai ba, ba ka da abin nuna masa sai baki. Shekara uku kana fama da waɗannan jajayen halittu da ko gaɓar yatsa ba su kai ba, kuma yanzu abincinka a bayansu yake. Ni ba ni da ilimin kiwon su, kai ka yi makarantarsa. Amma duk Gobir babu wanda ya fi ni sanin yadda ake kashe su, don na kashe su ba sau ɗaya ba. Abin da nake da shi ke nan, shi za ni ba ka guzuri.

Ka tuna ranar da ka dawo daga makaranta da su a cikin leda, kana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai? Na leƙa na ce maka wannan abu ko miyar mutum ɗaya ba zai yi ba. Ka yi dariya, amma na ga maganar ta taɓa ka. Ka ajiye akwatin gilashin a lungun ɗakina inda rana ba ta kaiwa, ni kuwa lungun nan na riga na yi wa firizata ta ƙanƙara tanadinsa. Da ka fita na kira 'yan'uwanka muka ja akwatin zuwa ƙarƙashin tagar yamma. A ganina ma gata na yi musu, su sha haske. Ka dawo bayan la'asar ka tarar rana ta zauna a kan gilashin, ruwan ya yi ɗumi, huɗu sun mutu. Ka ce, "Inna, wa yak kawo shi nan?" Maimakon in ba da haƙuri sai na hau ka da faɗa, na ce na gulbin Isa wa ke riƙe musu lema? Ka bari na gama, sannan ka ce gulbi yana da zurfi, in sama ta yi zafi sai su gangara ƙasa, su shiga ƙarƙashin ciyawa. Na cikin akwati ba su da inda za su gudu. Na shige madafa ina ta buga tukwane.

Raini ne ya jawo wannan, ba wani abu ba. Da kaji ne ka kawo, da na tambaye ka inda za a sa su. To a can ma za ka gamu da masu irin bakina, waɗanda za su ce ƙato kamarka ya bar gona ya zo gadin ƙwarin ruwa. Kada ka tsaya musu da su, kada kuma ka ji kunyar sana'arka. Amma ka riƙe ɗaya gefen maganar: duk abin da ka kulle a akwati, ka raba shi da hanyar ceton kansa, kai ne inuwarsa. Kafin ka ajiye akwati a ko'ina, ka tsaya ka ga inda rana take faɗawa da safe da inda take faɗawa da yamma.

Yanzu za ni zo kan abin da ya sa na rubuta takardar nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A bazarar farko, ranar da kuka tafi ta'aziyya Gangara kai da Malam, babanka, ka dawo ka tarar sha uku daga cikin sha shidan da suka rage sun mutu. Ka zauna daɓas a ƙasa, ko takalmi ba ka cire ba. Ka ɗago ka dube ni ka ce, "Inna, mi yas same su?" Na ce maka, "Zahi na, ɗan nan." Ƙarya na yi maka. Ni ce.

Ga yadda aka yi. A lokacin na riga na fara son su, ko da yake ban nuna maka ba. In kun fita nakan jawo kujera in zauna ina kallon yadda suke tsince-tsince da 'yan hannuwansu, ba su hutawa, ba su faɗa da juna. Ran nan da azahar zafi ya kai inda ya kai, na ga duk sun hauro sama sun manne a gilashi dab da bakin ruwa. Na tsoma yatsa na ji ruwan da ɗumi. Tausayi ya kama ni. Ka san a gidan nan in baƙo ya shigo cikin rana, ba a tambayar sa lafiya sai an miƙa masa ruwan sanyi. Ni kuma mai sayar da ƙanƙara ce, ga ta cike da firiza. Na ɗauko ƙulli biyu, na farfasa da taɓarya, na zuba musu, har ina cewa, "Ku sha, bayin Allah." Suka hau tsalle suna harbawa baya, ni ina murna wai daɗi suka ji. Ba a jima ba suka fara kwantawa a gefe ɗaya bayan ɗaya. Na sa hannu ina tsamo ƙanƙarar, amma aikin gama ya gama. Kafin ku dawo sauran ta narke, ruwan ya koma ɗuminsa, babu wata shaida.

Kwana huɗu ba ka cin abincin kirki. Ka ce laifinka ne da ka tafi ka bar su, ka ce wataƙila wannan aiki ba na ƙasarmu ba ne, gara ka haƙura. Ina ji, ina kallon ka, na ci gaba da ɓoye gaskiya. Bayan wasu makonni na ji kana yi wa Malam bayani a tsakar gida cewa zafi yana wahalar da su, amma abin da ya fi saurin kashe su shi ne ruwa ya canja musu farat ɗaya, ko zuwa sanyi ko zuwa zafi. Ka ce in sun hauro sama ba sanyi suke nema ba, numfashi suke nema, don ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Abin da ake yi shi ne a buɗe murfi, a kunna 'yar fanka tana kaɗa saman ruwan, ya sauko a hankali. Ina madafa ina tuƙa tuwo, hawaye na zuba, na ce hayaƙi ne. Kusan shekara uku ke nan ina ɗauke da wannan abu, kuma ya dame ni fiye da yadda za ka zata. Ba mutuwarsu ce ta fi ci mini rai ba, barin da na yi ka zargi kanka ne. Ka yafe mini, Babana.

Abu biyu nake so ka ɗauka daga nan. Tausayi in ba sani a cikinsa ɓarna yake yi, garin neman gira a rasa ido. In ka ga wani cikin wahala, mutum ne ko dabba, ka fara sanin abin da ke damun sa kafin ka zuba masa abin da kai kake da shi da yawa. Ni ƙanƙara gare ni, sai na ɗauka kowace cuta ƙanƙara ce maganinta. Na biyu ya fi nauyi. Za ka yi kuskure a shagon mutumin nan, babu makawa, wata rana kifi zai mutu a hannunka. Ka faɗa masa a ranar, da bakinka, kafin ya tambaya. Faɗan da zai yi maka na yini ɗaya ne. Kada ka bari a ɗora wa abokin aikinka, kada ka ce wuta ce aka ɗauke in ba ita ba ce.

Abin haushin shi ne na ga yadda ake yi tun ina yarinya. Kakanka masunci ne a Isa, ka sani, ko da yake ba ka riske shi ba. In bazara ta yi, kududdufai suka fara ƙafewa, yakan kwaso 'ya'yan tarwaɗa a ƙwarya ya kawo gida don ya zuba a rijiyar bayan gida. Amma ba ya juye su kai tsaye. Sai ya zauna a bakin rijiyar, ya ɗebo ruwanta da guga, ya zuba moɗa ɗaya a ƙwaryar, ya jira, ya ƙara wata, ya jira. Ni ina tsaye da akushin abincinsa, ƙafata ta gaji, in ce masa ya juye mana mu huta. Yakan ce, "Bari ruwan su gaisa tukuna, ɗiyata. Kihi ba ya son a ba shi mamaki." Na ɗauke shi wasan tsofaffi. Mutumin da bai taɓa ganin ma'aunin zafi ba ya san abin da ka je makaranta ka koyo, ni kuma 'yarsa mai takardar koyarwa na zubar da shi a bakin rijiya na tafi.

Ka zaci bayan wannan na yi hankali? Ina fa. Uku da suka tsira na ɗauke su amana, na shiga yi musu hidimar da ba su roƙe ni ba. Da sanyi ya shigo, wata safiya na ga sun lafe a jikin ciyawa, ba sa kiwo, ba sa motsi sosai. Na ɗora wa Malam ruwan alwala ke nan, sai na ɗebi kofi guda na nufi akwatin. Na fara tsiyayawa ka shigo. Ban taɓa jin ka ɗaga mini murya ba sai ranar: "Inna, kak ki zuba!" Rabin kofin ya riga ya shiga. Ba wanda ya mutu, amma macen da ke ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin cikinta ta zubar da su duka, muka yi asarar haihuwar farko. Na yi fushi da tsawar, na ƙi yi maka magana har azahar, alhali na san kai ke da gaskiya.

Washegari ka kawo ma'aunin zafi ka manna a gilashin, ka zaunar da ni kamar 'yar aji ɗaya. Ka ce sun fi jin daɗi tsakanin ashirin da biyu da ashirin da shida, in ya haura talatin an shiga hatsari, in kuma ya ɗan sauka cikin sanyi lafewa kawai suke yi, ba mutuwa ba. Na rubuta da alli a bango. Na ce maka ai yatsana ya ishe ni awo, sai ka sa na riƙe ƙullin ƙanƙara da hannu ɗaya, ɗaya hannun na kara a murhu, sannan na tsoma su biyun a ruwa ɗaya. Wannan ya ce ɗumi, wancan ya ce sanyi. Na ce kai dai ba ka da kunya. Hannu yana faɗin inda ya fito ne, ba ya faɗin gaskiyar ruwa. Don haka ko ka shekara goma a aikin nan, kada ka ce ka ƙware har ka daina duba ma'auni. Haka kuma in ka shiga cikin baƙin mutane da zuciya cike da kewar gida, kowa zai yi maka sanyi. Kada ka yanke wa mutum hukunci a makon farko, ka ba shi lokaci.

Kada dai ka ce uwarka ɓarna kawai ta iya. Wa ya kawo shawarar randa? Da bazara ta biyu ta ƙarato, ma'auni ya fara haurawa, fanka ta kasa, kana ta zagaye ɗaki kana lissafin abin da ba ka da shi. Na ce maka tun kakanninmu ruwan randa bai taɓa yin zafi a Gobir ba. Muka fito da babbar randar da na gada wajen mahaifiyata, muka binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi a ɗakin ƙasa, muka naɗe ta da buhun algarara muna yayyafa masa ruwa. Ka tsoma ma'auni, ka ciro, ka sake tsomawa don ba ka yarda ba. Kwana biyu muka yi muna haɗa musu ruwan akwati da na randa kaɗan-kaɗan kafin mu mayar da su cikinta. A cikin randar nan ukun suka zama goma, goma suka zama abin da za ka tafi da shi. Na ji daɗi ranar da na leƙa na ga 'ya'yan farko, ƙanana kamar tsakin gero, har na yi guɗa Malam ya fito ya ɗauka wani abu ne. In wuta ta yi muku gardama a Kaduna, kada ka ji nauyin zuwa kasuwa ka sayo randa a gaban masu gilashi.

Sai dai daɗin nan ya jawo wani kuskuren, na baki. Na bi maƙwabta ina cewa jatan landenmu Gobirawa ne, rana ba ta yi musu komai. Ka san mu da cika baki a kan jarumtaka. Maganar ta yi ta yawo har na ji kai ma ka faɗa wa mai shagon a waya, cikin raha, cewa naka masu jure zafi ne. Ka gyara wannan magana da ka isa. Jurewa suka yi, ba daɗi suka ji ba, kuma randa da buhu da rashin barcinka na rana ne suka jure musu rabi. Kai ka gaya mini a ruwa mai ɗumi suna saurin girma amma ba sa daɗewa a duniya. In ya sayar wa mutane da sunan ba sa jin zafi, suka kai gida suka ajiye a taga irin yadda na yi, alhakin a wuyanka yake. Kai ma kada ka yi mini irin wannan jarumtaka. In abu ya yi maka tsanani ka kira ka faɗa, ba sai na ji a bakin wani ba.

Game da hanya, ka bi wadda direbobi suka ce ta fi lafiya a ranar, ko da ta fi nisa. Ka fita da sassafe. Kada ka yarda a sa kular a but ko a saman mota, ka biya mata kujera in ta kama, ko ka riƙe ta tsakanin ƙafafunka nesa da inda injin ke huci. Ka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane, na ware maka tsohon zanena mai kauri. Za ni ba ka ƙanƙara ƙulli ɗaya, ka naɗe ta da tsumma ka sa a gefen kular, kada ta taɓa ledarsu. Ka sa musu ɗan ciyawar da za su riƙe don girgizar mota. Wani zai tambaye ka me ke ciki, wani ma zai ce ka buɗe ya gani. Ka amsa da fara'a, amma kada ka yi ta buɗewa a rana.

Inda na fi jin tsoro shi ne isarka. Ka ce shagon akwai iyakwandishan mai sanyaya ɗaki, ruwan akwatunansa da sanyi. Za ka iso a gajiye, mai shago na tsaye a kanka yana ɗokin gani, kai kuma kana so ka burge shi. A nan ne za ka ji hannunka na ƙaiƙayin kwance leda ka juye. Kada ka yi. Ka ɗora ledar a saman ruwan a ɗaure, ka bar ta ta yi iyo, ka duba ma'auni. Sannan ka buɗe ka riƙa zuba ruwan akwatin cokali-cokali, ko zai ɗauke ka daga la'asar zuwa magariba. In ya ƙosa, ka ce masa ya yi haƙuri, haka aikin yake. Mutumin kirki zai gane a nan cewa ya sami ma'aikaci. Kai ma haka za ka shiga garin, da kaɗan-kaɗan. Kada ka canja abinci da tufafi da abokai da lokacin sallarka duk a wata ɗaya don a ce ka waye.

Saura magana ɗaya. Gobe in ka zo kwashe su za ka ƙidaya ka ga bakwai ba sa nan. Kada ka zargi kowa, kada ka ce mutuwa suka yi. Shekaranjiya da ka tafi kasuwar Isa sayen kula na kwashe su. Na yi yadda ya kamata, moɗa-moɗa, tun hantsi har azahar, ma'auni na hannuna, kuma ko ɗaya bai kwanta ba. Suna cikin ƙaramar randa a bayan gadona. Biyu mata ne, ɗaya na ga ƙwai a cikinta yau da safe.

Kada ka zo ka ce in mayar, ba za ni mayar ba. In na hanya sun isa lafiya, kuma ina kyautata zaton za su isa, to waɗannan nawa ne, in riƙa kallon su in kewarka ta taso. In kuwa Allah Ya ƙaddara ka buɗe kula a Kaduna ka tarar ba rai, kada ka tsaya a garin mutane kana jin kunyar dawowa, kada ka kashe waya. Ka hau mota ka dawo gida. Iri yana nan a hannuna, mu sake tara su ka sake komawa. Sau ɗaya na bar ka kai kaɗai da asara ina kallo, ba za ni ƙara ba.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kare ka daga sharrin da ke cikinta na fili da na ɓoye, Ya sauke ka lafiya kai da abin da kake ɗauke da shi. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa albarka a sana'arka, Ya dawo mana da kai muna raye. Malam ya ce ka same shi bayan sallar asuba ran tafiya, yana da addu'ar da zai yi maka. Na yafe maka duniya da lahira, Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam,
Innarka.